A Rubuta Bayanin Na'urar Awon Wutar Mota Da Hausa

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Dawanau da hantsi, ya nufi maƙwabciyarta Ƙofar Ruwa inda kasuwar kayan gyaran motoci take, zai tarar da garejoji a gefen hanya, da samari sunkuye cikin motoci suna bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan su ne masu gyaran wayarin da yaran da iyaye suka damƙa musu don koyon sana'a. A hannun yawancinsu akwai wata 'yar na'ura da suke kira tasta, wadda da ita ake gane wayar da ke ɗauke da wuta da wadda ta mutu. Na'urar ba ta da tsada, amfaninta kuwa yana da yawa. Abin takaicin yana ga takardar da ake cusowa cikin kwalinta, wadda aka ce ita ce bayanin yadda za a yi aiki da ita.

Sau da yawa takardar ba ta wuce tafin hannu ba, rubutunta kuma ƙanana ne ƙwarai. Wata da Sinanci take zuwa, wata da wani irin Turanci wanda ko Baturen Ingila sai ya yi lalube kafin ya gane inda aka dosa. Akan ma sami wadda zanen da ke jikinta na wata na'ura ce dabam. Gargaɗin da ya fi kome muhimmanci kuwa, watau wayoyin da bai kamata a taɓa ba, da wuya a same shi. Saboda haka mai saye yakan yar da takarda tare da kwali, ya shiga aiki da abin da ya ga maigidansa yana yi.

Alhali kuwa bayanin da ake bukata ba shi da tsawo. Tasta mai ƙwai kamar sukudireba take, da ƙwan fitila a cikin maƙunshinta da waya mai maƙali a ƙarshe. Akan maƙala wayar a ƙarfen jikin mota, a taɓa tsinin a inda ake zato; in ƙwai ya kama akwai wuta. Kafin a fara aiki wajibi ne a gwada ta a kan batir, don kada ƙonannen ƙwai ya sa a ɗora wa lafiyayyar waya laifi. In fis ake dubawa sai a taɓa gefensa biyu, domin wanda ya ba da wuta a gefe ɗaya kawai ya ƙone. Ita kuwa mita mai nuna lambobi ta fi faɗin gaskiya. Lafiyayyen batir na ƙaramar mota yakan nuna kimanin 12.6 a ma'aunin ƙarfin wuta da ake kira bolt, in kuma inji yana aiki ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5, alamar altaneta tana caji. Galibin manyan motoci da bolt 24 suke aiki, don haka tastar da aka yi don 12 ƙwanta yakan ƙone a kansu. Mitar da aka bari a wurin awon yawan wutar da ke gudana, aka ɗora ta a kan kawunan batir biyu, nan take fis ɗin cikinta zai ƙone, in ma tana da shi.

A da, rashin sanin waɗannan abubuwa bai cika jawo babbar hasara ba. Lokacin da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, mota irin 504 da kafireta take aiki, wayoyinta kuma ƙidayayyu ne. Bakanike yakan ƙyasta waya a jikin bodi don ya ga tartsatsi, iyakarta a sake fis a ci gaba da tafiya. Amma tun daga shekarun 1990, da motoci 'yan Kwatano suka cika titunan Kano, al'amari ya sake. Motar yanzu tana da kwamfuta, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota, ita ke sarrafa mai da wuta, da yawa daga na'urorin da ke kai mata rahoto kuwa da bolt 5 kacal suke aiki. Ƙwan tasta irin na da yana jan wutar da ta fi ƙarfin waɗannan siraran hanyoyi, yana kuma iya lalata ƙwaƙwalwar. Mafi hatsari su ne wayoyin jakar iskar nan da ke fitowa daga sitiyari in an yi karo, waɗanda galibi ake yi wa launin rawaya. Tsinin tasta yana iya tayar da ita a fuskar yaron da ke sunkuye. Su kansu maƙera motoci sun tanadi hanyar bincike ta musamman. Tun daga 1996 doka ta tilasta wa ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da soket mai ramuka 16, inda ake jona na'urar da ke karanta ciwon mota ba tare da an huda waya ba.

To, wa ke ɗaukar hasara? Mutum ya kawo motarsa don fitila ɗaya ta ƙi kamawa, garin gyaran gira a rasa ido, mota ta ƙi tashi gaba ɗaya. Kuɗin ƙwaƙwalwa ya ninka na tasta sau da yawa. In direban haya ne, kowace rana da mota ta kwana a gareji bashi ne a kansa, ga iyali suna jiran cefane. Maigidan gareji sunansa ya ɓaci, yaro kuwa ya sha faɗa ko kora, wani lokaci ma maganar sai ta kai gaban 'yan sanda. Wanda ya shigo da kayan, wanda rashin kularsa ce mafarin ɓarnar, shi kaɗai ne ba a tambaya.

Wasu za su ce bakanike ba da takarda yake koyon aiki ba, ido da hannu su ne malamansa. Gaskiya ne, amma maigida abin da ya sani shi zai koyar, da yawansu kuwa a kan 504 da ire-irenta suka ƙware. Sa'an nan ba daidai ba ne a ce yaran nan ba su karatu. Da yawa suna karanta Hausar boko, waɗanda suka yi makarantar allo kuma ajami ba ya gagararsu. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945, da hukumar NORLA a shekarun 1950, sun riga sun nuna cewa in aka rubuta wa jama'a ilmi mai amfani da harshensu za su karanta.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, watau SON, tana nan tun 1971, a 2005 kuma ta fito da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su. Har wa yau dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, a sashe na 114, ta ba mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙi, irin wanda mutum mai matsakaicin karatu daga cikin waɗanda aka yi bayanin dominsu zai fahimta. Takardar da mai gyaran wayarin na Ƙofar Dawanau ba zai iya karantawa ba, ina ta cika wannan manufa?

Saboda haka kamata ya yi SON da hukumar kare haƙƙin masu saye su sa ya zama sharaɗi, duk mai shigo da irin wannan na'ura ya haɗa ta da bayani na Hausa da sauran manyan harsunan ƙasa, da manyan baƙaƙe da zane bayyananne. Shafi ɗaya ya isa: ƙarfin wutar da aka yi ta dominsa, inda ake maƙala ta, yadda ake gwada ta, da wayoyin da aka hana taɓawa. Masana harshe na Jami'ar Bayero su zauna da ƙungiyar makanikai ta NATA da hukumar NADDC mai kula da bunƙasa masana'antar motoci, su daidaita kalmomi, su kuma fifita waɗanda ake faɗa a gareji a kan ƙagaggu. Asusun horar da ma'aikata na ITF da gidajen rediyon Kano su ɗauki nauyin yaɗa shi.

Kafin a kai ga haka, nauyi yana kan iyayen gidan garejoji. Lalle ne su ajiye tasta mai ƙwai don fitilu da fis da ham, su nemi mita don wayoyin ƙwaƙwalwa, su kuma hana kowane yaro kai tsinin tasta ga waya mai launin rawaya. 'Yan kasuwar Ƙofar Ruwa su ma ba sai sun jira hukuma ba, domin buga takarda guda da Hausa ba zai karya jarin kowa ba. Iyayen da suka kai 'ya'yansu gareji amana suka bayar, bai kuwa kamata a miƙa wa yaro makami a hana shi sanin inda kaifinsa yake ba.