Yawan Ambato Ba Shi Ne Mudun Awon Malami Ba

Wata al'ada ta shigo jami'o'in ƙasar nan wadda ya kamata masu hankali su tsaya su dube ta. In za a auna masanin ƙwayoyin cuta, watau halittun nan da ido ba ya gani sai da madubin likita, ba a tambayar abin da bincikensa ya amfana wa jama'a. Abin da a ke tambaya shi ne takardu nawa ya buga, kuma sau nawa waɗansu malamai suka ambace shi a cikin nasu takardun.

Asalin wannan ƙidaya daga Amurka ya ke. Eugene Garfield ne ya fito da kundinta a 1964. A 2005 kuma Jorge Hirsch ya ƙago ma'aunin da a ke yayi yanzu: malami mai lamba 10 shi ne mai takardu goma waɗanda aka ambaci kowace aƙalla sau goma. Lalle ƙidayar tana da amfaninta, gama tana tona asirin malalacin da ya shekara ashirin bai rubuta kome ba. Amma mudun awon gero ba a auna zinariya da shi.

A dubi ƙasar Daura. Tana cikin yankin da sanƙarau ya ke ɓarna, daga Senegal har Habasha. In hunturu ya busar da maƙogwaro, zafin bazara ya biyo baya, sai cutar ta tashi, kuma ba ruwanta da iyakar Kwangwalam da ke tsakanin Nijeriya da Nijar. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Allurar MenAfriVac, wadda aka fara yi a 2010, ta karya lagon ƙwayar iri na A, sai ga iri na C ya auka wa Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2017. To, abin da mutumin Ɓaure ko Zango ko Mai'aduwa ya ke bukata shi ne masanin da zai ɗibi ruwan ƙashin bayan majinyaci, ya gane wane iri ne ya zo, tun kafin a sayo allurar da ba ta dace ba. Wannan aiki ba safai malaman Turai su kan ambace shi ba, domin cutar ba ta ƙofar gidansu.

Zariya ta riga ta nuna hanya. A 1979 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Sadiq Wali da Hilton Whittle da Brian Greenwood, suka buga sakamakon gwajinsu, cewa allura ɗaya tak ta chloramphenicol mai maiƙo tana iya warkar da sanƙarau. Ga ƙauyen da ba likita, ba gadon kwanciya, wannan ba ƙaramar rahama ba ce, kuma shekaru da yawa da ita aka riƙa yaƙar annobar a ƙasashen Sahel. Darajar wannan takarda tana wurin yaran da suka tashi daga tabarmar jinya.

Saboda haka ya wajaba a kan majalisun jami'o'i, musamman na Katsina da Dutsin-Ma, in sun zauna ƙara wa malami girma, su karanta aikinsa da kansu. Su tambaye shi wace rijiya ya auna ruwanta, wace ƙwaya ya gano, wane asibiti ya sake hanyar magani saboda bincikensa. In ba haka ba, samari masu basira za su bar cututtukan gida su bi abin da ke jawo ambato, har waɗansu su riƙa ambaton junansu kamar masu biki. Hausawa sun ce, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Allah ya ba shugabannin ilmi ikon gyarawa, amin.