ZAUREN ILIMI: Daga Rufa'a Zuwa Jami'ar Ahfad

A wannan wata za mu leƙa Jami'ar Ahfad ta mata da ke Omdurman, wadda ba ta gwamnati ba ce, kuma tushenta na nan kusa da mu.

A shekarar 1907 ne Shehu Babikir Badri, tsohon mayaƙin Mahadi, ya buɗe makarantar 'yan mata a garin Rufa'a, bakin kogin Nil Azrak. Da yara 17 ya fara, 9 na gidansa, 8 na maƙwabta. Mutanen gari sun yi ta surutu, su ma Turawan mulki sai da suka yi ta jan ƙafa kafin su yarda, amma bai fasa ba. Ya rasu a 1954. A 1966 ɗansa Yusuf Badri ya kafa kwalejin mata a Omdurman da ɗalibai 23, a 1995 kuma ta zama cikakkiyar jami'a. Ma'anar Ahfad ita ce jikoki, wato dattijon ya yi shuka ne domin waɗanda ba zai gani ba.

Manufar jami'ar ita ce a ilmantar da mace ta koma ta amfani al'ummarta. Shi ya sa ban da aikin likita da haɗa magunguna da tarbiyyar ƙananan yara, ta buɗe sashe na raya karkara, ta kuma ɗora wa ɗalibanta fita ƙauyuka su zauna da mata, su tattauna kan lafiya da abinci da haihuwa.

To, mu fa? Kusan lokacin da aka buɗe makarantar Rufa'a ne Muhammadu Bello Mai Wurno ya sauka da jama'arsa kusa da Sennar, bayan yaƙin Burmi na 1903. Daga gidan Shehu Usmanu suka fito, gidan da Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru domin karantar da matan ƙauye. Ashe ilimin mata gadonmu ne. Amma sau nawa ake cire yarinya daga aji a tura ta tsinkar auduga a hawasha, ko a aurar da ita ba ta gama firamare ba? Ranar da matarka ke naƙuda kuwa, likita mace za ka nema.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa karatu a Omdurman da Wad Madani da Sinja, kuma yarinyar da ta daɗe a gida da wuya ta koma aji in ba a tsaya mata ba. Ahfad kuwa sai da kuɗi. Shawarata ita ce kowane gari ya buɗe asusu bayan kaka, a riƙa zuba buhun dawa ko na gyaɗa, a ɗauki nauyin yarinya ko da guda ce har ta kammala. Da yayyafi kogi kan cika.

Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.