Fataucin Hausawa a Fatakwal: Ciniki Mai Yawa, Rubutu Kaɗan

Duk ɗalibin da ya shiga ɗakin karatu na jami'a yana neman abin da masana suka rubuta game da fataucin Hausawa a kudancin Nijeriya, zai tarar alƙalumansu sun fi karkata yamma. A shekarar 1969 Abner Cohen ya wallafa nazarinsa kan masu cinikin shanu da goro na unguwar Sabo ta Ibadan. A 1980 Paul Lovejoy ya bi sawun ayarin goro zuwa Gwanja. Amma da an zo kan Fatakwal da Anacha da Inugu, sai mai bincike ya koma tsince-tsince. Littafin Egodi Uchendu na 2011 ya taimaka, sai dai ya fi mai da hankali ga tarihin Musulunci a yankin.

Ba don babu abin rubutawa ba ne. Tun da aka buɗe gadar jirgin ƙasa ta Makurɗi a 1932, hanyar kai shanu da hatsi daga Arewa zuwa Fatakwal ta daɗa sauƙi. A shekarun 1950 kuwa, Malam Umaru Altine, ɗan kasuwar shanu daga ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko. Matsalar ita ce yawancin cinikin da baki da amana ake ƙulla shi, sa'an nan rikicin 1966 da yaƙin basasa suka tarwatsa zango-zango. Akasarin takardun da ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Inugu kuwa, ma'aikatan gwamnati ne suka rubuta su, ba fatake ba.

Wannan giɓi bai tsaya ga malaman jami'a ba. Ranar da hukuma ta ƙudurci tayar da kara ko kasuwa, takarda za a nema wadda ta nuna yaushe aka zauna da kuma harajin da aka biya. Haka banki ba ya ba da rance a kan labarin baka.

Saboda haka ya kamata sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin dillalan shanu da na albasa su tattara rasit da littattafan lissafi da wasiƙun da suka rage, su ɗauki maganar dattawa tun suna raye, su miƙa kwafi ga Jami'ar Fatakwal da Gidan Arewa na Kaduna. Kuɗin saniya guda ya isa a fara wannan aiki.