Fenti ba ya kwashe shara

A ƙasashen waje ana yayin ƙawata kwandon shara da zane, wai adon unguwa. Kafin a kwaso mana yayin zuwa Wurno, Rabah da Goronyo, mu tambaya: idan kwandon ya cika, wa zai kwashe?

Ado ba baƙonmu ba ne. Mun sassaƙa ƙwarya, mun rangaɗa wa manyan motoci zane. Mai kwashewa muka rasa. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora kwashe shara a wuyan ƙananan hukumomi, amma leda na toshe magudanai, tana cika cikin awakinmu, damina kuma ta kora ta rafi.

Mu masu haɗa manhaja mun san irin wannan: fuska kyakkyawa, ka latsa, shiru. Kwandon da ba a juyewa juji ne mai kwalliya.

To, matasa, ku yi zanen, amma ku rubuta sunan mazaɓa da ranar da ƙaramar hukuma ta ce za ta kwashe. Ranar ta wuce shara na nan, kwandon da kansa zai tuhumi kansila. Garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke kwance ya fi ƙarfin ado kan ƙazanta.