Kashedi Ga Masu Yanke Akori-Kura

Kwanan baya ina rangadin makarantu tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, sai na iske wata akori-kura ta durƙusa a gefen hanya kamar raƙumi. Ba ta yi karo da kome ba, taya kuma ba ta fashe ba. Tsakiyarta ce ta karye, buhunan gero da riɗi suka warwatse, fasinja na tsaitsaye suna salati. Cikinsu har da wani malamin firamare mai komawa bakin aiki. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma wata tsohuwa ta karye a hannu. Da na leƙa ƙarƙashin motar sai na ga daidai kan tsohuwar walda ta rabu. Direban ya ce mini an saye ta ne bayan ta yi haɗari, shasi ya lanƙwashe, aka yanke inda ya lanƙwashe aka haɗe sauran, mota ta gajarce.

To, jama'a, wannan al'amari ya isa a tsaya a dube shi, domin mu malamai da akawuna, da iyayenmu da almajiranmu, mu ne kayan da waɗannan motoci su ke ɗauka ranar kasuwar Sara ko Babaldu.

Tun da aka buɗe ma'aikatar haɗa motocin Peugeot a Kaduna cikin 1975, akori-kura irin su 404 da 504 suka zama jakunan ƙauyukanmu, daga baya su Toyota Hilux suka biyo. Da yawa cikinsu sun tsufa, sun sha lodi, sun sha hannun masu walda. Wata an rage mata tsawo, wata an ƙara mata wutsiya don ta ɗauki buhu biyar a kan ƙa'idarta, wata kuwa gaban wata mota ne da bayan wata aka ɗinke.

Kada a ce yanke mota abu ne da ba a taɓa yi ba a duniya. A Amurka akwai masu sha'awar tsofaffin akori-kura, irin Chevrolet C10 da aka ƙera daga 1967 zuwa 1972. Doguwar, tsakanin gatarinta na gaba da na baya inci 127 ne, gajerar kuwa inci 115. Masu son gajerar don ado su kan sayi doguwar, su cire inci 12 daga tsakiyar shasi, su datse inci 8 daga wutsiya. Amma fa awon da su ke bi, awon da ma'aikatar ta fitar ne tun asali, sa'an nan motar ta yawon shan iska ce, ba ta lodin mutum goma sha biyar da awaki ba.

Bari in bayyana abin da ke cikin aikin, don masu karatu su gane. Shasi shi ne ƙashin bayan mota, dogayen ƙarafa biyu ne da ke ɗauke da nauyinta duka. In aka yanke su a miƙe, aka liƙa da walda kurum, to, duk wahalar lodi da ta gargadar hanya kan wannan layi guda za ta taru, ga shi kuwa zafin walda ya riga ya raunana ƙarfen da ke gefensa. Gwanaye su kan yi yankan ne a karkace ko hawa-hawa, sa'an nan su ɗora wani ƙarfe a kan mahaɗar, kamar yadda maɗori ya ke ɗaura karare a kan karaya. Lalle ne kuma ƙarafan nan biyu su zo daidai wa daida. In ɗaya ya gaza ɗan'uwansa da ko rabin inci, mota za ta riƙa tafiya a kaikaice kamar kare, tana cin taya, tana jan sitiyari gefe.

Ba nan aikin ya tsaya ba. Sai an rage farfela an daidaita nauyinta, in ba haka ba ta yi ta rawa har ta tsinke. Sai an sake bututun man birki da wayoyin wuta da igiyar birkin hannu. Ko an yi duk wannan, halin motar ya sāke. Gajeriyar mota ta fi sauƙin juyawa a lungu, gaskiya ne, amma ta fi tsalle da wutsil-wutsil in ana gudu. Tun da bayanta ya ragu, mai lodi zai tula kaya sama, nauyi ya koma bisa, kwana kaɗan ta kife. Wadda aka ƙara wa wutsiya kuwa, nauyi ya kan zauna bayan tayoyin baya, gaba ya yi sakayau, sitiyari da birkin gaba su rasa kamun ƙasa. Ka ga an yi gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Na san za a ce mini talaka ba shi da kuɗin sabuwar mota, kuma in aka tsayar da tsofaffin nan amfanin gona zai ruɓe a ƙauye. Wannan magana gaskiya ce, shi ya sa ban ce a hana gyara ba. Masu waldarmu mutane ne masu basira, wanda duk ya zaga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya shaida haka. Abin da ya rage wa da yawansu shi ne awo da lissafi, wannan kuwa laifinmu ne mu ma'aikatan ilmi. Mun koya wa yaro inci da ƙafa a kan allo, ba mu taɓa ba shi abin awo ya auna ƙofar ajinsu ba.

Saboda haka ga shawarata. Da fari, malamai su fitar da lissafi daga littafi. A koya wa yara auna kusurwa zuwa kusurwa don gane ko abu ya karkace, domin da wannan dabara ce a ke gane shasin da ya kauce. Na biyu, Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa da aka kafa cikin 1977, da makarantun koyon sana'a na Jihar Jigawa, su shirya wa masu walda da makanikai gajeren kwas da Hausa, a garejinsu, a ba wanda ya ci takardar shaida. Na uku, duk motar haya da aka taɓa shasinta, kada ta koma tasha sai jami'in duba motoci ya shiga ƙarƙashinta ya gani da idonsa. Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa cikin 1988 ta riƙa duban ƙarƙashin mota kamar yadda ta ke duban takardu. Akawunan ƙananan hukumomi masu karɓar kuɗin tasha, waɗanda suka gaji aikin En'e tun 1976, su tuna rasit ba shi ne iyakar haƙƙin da ke wuyansu ba.

Kai kuma mai mota, ka sani araha ba ta ado. Kuɗin da ka ƙi biyan gwani yau, gobe za ka biya ninkinsa a asibiti, in ma abin ya tsaya nan. Rayukan da ka ɗauko amana ce, za a kuwa tambaye ka. Allah ya kiyaye mana hanya, amin.