Kumburin Ƙafa Ɗaya

 Wani malami ya aiko mini da takarda, ya ce matarsa ta haihu yau kwana goma sha biyu, sai sharaɓarta ta hagun ta kumbura, tana zogi, in an taɓa kuwa da zafi. Tsofaffi suka ce a kira wanzami ya yi ƙaho, ungozoma ta ce a murza da man shanu. Wai wanne zai bi?

Na ba shi amsa tun ran da takardar ta iso, gama wannan magana ba ta jiran fitowar jarida. Na ce kada ya bi ko ɗaya, ya kai ta asibiti ran nan.

Abin da na ke tsoro shi ne gudan jini ya daskare cikin babbar jijiyar da ke mai da jini zuwa zuciya. Kadan gudan nan ya ɓalle, jini ya kwashe shi sai huhu, mutum ya kan mutu nan take. To, ina amfanin murza?

Ga yadda mu kan duba. Kumburin ƙafa biyu galibi daga zuciya ne, ko ƙoda, ko hanta. Ƙafa ɗaya ita ce abin zargi. Mu kan auna santimita 10 ƙasa da ƙashin nan mai tudu da ke ƙarƙashin gwiwa, mu zagaya kowace sharaɓa da tef irin na tela. In mai ciwon ta ɗara 'yar'uwarta da fiye da santimita 3, alama ce. Sa'an nan mu danna da babban yatsa, mu ga ko rami zai zauna. Kana mu yi tambaya: ya kwanta ciwo kwana 3 ko fiye? An yi masa babban aiki cikin mako 12? An ɗaure ƙafar saboda karaya? Yana da ciwon daji? Likita Philip Wells na Kanada ya tsara waɗannan alamu suka zama lissafi a 1997.

Amma ido da tef ba su yanke hukunci, sai hoton jijiya da na'urar sauti. Mai jego kuwa haɗarinta ya fi yawa cikin mako 6 na farko, ba ma tsaya lissafi a kanta, hoto kurum.

In an tabbatar, sai a ba da maganin hana jini daskarewa, kamar heparin ko warfarin, wata 3 a ƙalla. Dukansu biyu ba su hana shayarwa. Wanda numfashinsa ya soma sarƙewa, ko ƙirji ya soke shi, ko ya yi tarin jini, a ɗauke shi ko da tsakar dare ne.

Naku,
Malamin Asibiti