A Maido wa Yara Lokacin Wasansu

A bangon ofishin kowane hedimasta akwai takardar tsarin darussa, a cikinta kuwa an rubuta lokacin motsa jiki. Amma ku je makarantar ƙauyenku ran da lokacin ya zo, ku tsaya ku duba. Sau da yawa za ku tarar an aiki yara ɗiban ruwa, ko sharar fili, ko cirar ciyawa a gonar malam. In an kyauta ƙwarai, sai a jefa wa manyan yara maza ƙwallon ƙafa su bi ta da gudu, 'yan mata da ƙanana suna zaune a gindin mangwaro har a buga ƙararrawa. Ni ma na yi haka sa'ad da nake koyarwa, ba zan ɓoye ba. Rabin ajina sun gama firamare ba su taɓa riƙe ƙwallo a makaranta ba, laifin kuwa nawa ne.

Shawarata ita ce mu fara koya wa yaran firamare ƙwallon kwando, ekklesiya kuma ta sa hannu. Na san abin da waɗansu za su ce: wai wasan birni ne, na dogayen mutane, sai da siminti da takalma masu tsada. To, bari mu dubi asalinsa.

A watan Disamba na 1891 ne wani malami mai suna James Naismith, mutumin Kanada wanda ya yi karatun tauhidi, ya ƙago wasan a makarantar horar da ma'aikatan YMCA da ke Springfield a Amurka. Sanyi ya hana ɗalibansa fita waje, sun kuwa gaji da zama. Sai ya samo kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace, ya kafa su a bisa, ya ɗauko ƙwallon ƙafa, ya rubuta dokoki 13, ya raba ɗalibai 18 gida biyu. Kayan ke nan duka. Ga kuma abin da ya fi shafarmu: a wasan farko babu buga ƙwallo a ƙasa ana tafiya da ita, wannan daga baya ya shigo. Wanda ya cafe sai ya tsaya ya miƙa wa ɗan'uwansa. Ashe ko filinmu yashi ne, za mu iya fara wasan yadda mai shi ya fara shi.

Filin manya mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi. Na yara bai kai haka ba, kwando ɗaya ma da rabin fili sun isa. Harabar majami'a da yawa sun fi wannan girma, daga Litinin zuwa Jumma'a kuwa awaki ne kaɗai ke amfani da su. In ana so ƙasa ta yi tauri, ba sai mun jira siminti ba. Iyayenmu mata sun san daɓe tun kafin a haife mu. A zubo marmara, a yayyafa ruwa, a buga da madaɓi, a shafe da makuba, kamar yadda ake yi wa tsakar gida. Zumuntar mata za su gama shi cikin 'yan kwanaki in an roƙe su da ladabi, maza kuma suka kawo marmarar. Sai a riƙa share tsidau da ƙaya kowace safiya, gama su ne magabtan ƙwallo.

Maƙeri zai lanƙwasa rodi ya yi zobe mai faɗin inci 18, kafinta ya haɗa allo, a kafa a jikin gungume mai ƙarfi, a shafa wa gindinsa baƙin mai saboda gara. A nan ne mutane ke kuskure. Kwandon manya ƙafa 10 ne daga ƙasa. Na yaran firamare kada ya wuce mita 2.60, wato ƙafa takwas da rabi, ƙwallon kuma ta zama ƙarama, lamba 5. Yaron shekara takwas da aka ba ƙwallon manya da kwandon manya zai riƙa wurgi daga kwankwaso kamar mai jifan kanya, ya saba da mugun hannu wanda zai yi wuyar gyara, ko kuwa ya kasa sau goma ya ce wasan ba nasa ba ne.

Yanzu ga malamai. Kada ku fara da jefawa cikin kwando, ko da yake shi yara za su roƙa. Ku fara da cafewa: hannu biyu a gaba, yatsu a buɗe, ido a kan ƙwallo. Yaro da yawa yakan rufe ido ya kau da fuska in ƙwallo ta nufo shi, sai an cire wannan tsoro tukuna. Daga nan sai miƙawa daga ƙirji, a taka ƙafa ɗaya gaba a tura da hannu biyu. Wannan ba ya bukatar ƙwallon kanti. Ƙwallon tsumma goma da yaran suka ɗaure da kansu sun fi ta kanti guda ɗaya amfani, domin yara hamsin a layi ɗaya suna jiran ƙwallo ɗaya ba motsa jiki suke yi ba, tsayuwa suke yi. Ku raba su biyar biyar, kowane rukuni da tasu.

Sa'an nan tsayawa. Yaro ya zo da gudu, ya cafe, ya tsaya cik, ƙafa ɗaya ta zama kamar turke, ɗayar tana juyawa. In ƙasa ta yi tauri sai a shiga buga ƙwallo, da kan yatsu, ba da tafin hannu ba kamar mai marin jaki. Malam ya ɗaga yatsunsa, yaro ya faɗi ko nawa ne yana cikin bugawa, ta haka zai koyi ɗaga kai. Hannun hagu ma a ba shi rabonsa.

Wasan da na fi so shi ne miƙa goma. Rukuni biyu, ba kwando. Waɗanda suka miƙa wa juna sau goma ba a ƙwace ba, sun ci ɗaya. A ƙara doka cewa sai kowa ya taɓa kafin a cika goman. Nan za ku ga abin mamaki, babban yaron da ya saba cin zali yana kiran sunan 'yar ƙaramar yarinya yana roƙonta ta matso, gama in ba ita ba zai ci ba. A wannan wasa ba a ture mutum, ba a riƙe shi, ba a yi masa ƙafa. Saboda haka ne maza da mata na ƙananan azuzuwa za su iya yinsa tare.

Zancen 'yan mata kuwa, kada mu tsaya gardamar tufafi. Kowace ta yi da kayan da iyayenta suka yarda, ko 'yar Kirista ce ko 'yar maƙwabtanmu Musulmi, filin na yaran gari ne duka. Wanda ke shakkar ko mata za su iya, ya tuna cewa a gasar Olamfik ta 2024 a Faris 'yan matan Nijeriya ne suka zama ƙungiyar ƙwallon kwando ta farko daga Afirka, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe. Masai Ujiri kuma, wanda yake shugabancin ƙungiyar Toronto sa'ad da ta ci kofin NBA a 2019, a Zariya ya girma, can ya fara wasan. Ban ce kowane yaro zai kai can ba, ba kuwa don haka nake wannan roƙo ba. Ina roƙo ne domin yarinyar da ke zaune a gindin mangwaro.

Dattawan ekklesiya, ga kaka tana zuwa. Ku sa maganar cikin taronku na gaba, ku kira hedimasta da mai unguwa ku zauna tare, a san wanda zai ajiye ƙwallo da famfo a ɗakinsa. Daɓen kuwa a yi shi da zarar an gama girbi, tun rafi bai ƙafe ba.